Tuƙin Jirgin Sama a Cikin Ɗaki Ba Shiririta Ba Ne

Magidancin da ke zaune a Ikko ko Badun, in ya tarar ɗansa ya duƙufa kan kwamfuta yana tuƙa jirgin sama na kwaikwayo, kada ya yi saurin tsawata masa. Tun cikin 1982 kamfanin Microsoft ya fito da Flight Simulator, amma abin dubawa shi ne kayan da a ke ƙara masa.

Waɗansu kan sayi sitiyari da allon maɓallai na Logitech, kayan dala ke nan, sun fi ƙarfin mai neman na tuwo a Kurmi. Gara yaro ya nemi ɗan allon Arduino, ya haɗa wayoyi da makunnai da hannunsa, manhajar MobiFlight, wadda kyauta ce, ta sada su da kwamfuta. Ya murɗa maɓalli bisa tebur, jirgi ya karkata. Ko bai zama matuƙi ba, ai ya koyi aikin lantarki.

Sai dai lalle a gaya masa awoyin ɗaki ba su shiga lissafin lasin. Wannan kam sai makaranta irin ta Zariya, wadda aka kafa cikin 1964.