Ra'ayi: Shigar bawul cikin wuyan tukunya ba ya nufin nata ne

A Amurka da Turai akwai masu sha'awar tara tsofaffin tukwanen iska na masu nutso a ruwa, irin waɗanda aka ƙera a shekarun 1950 da 1960. Wata muhawara da ke tsakaninsu ita ce wane bawul ya kamata a ɗaura wa tsohuwar tukunya: na zamaninta, ko sabo? Mai karatu a Darki zai iya cewa wannan zancen masu ƙoshi ne, tunda masu nutso ɗebo yashi a kogin Wudil da numfashinsu kawai suke shiga. Amma duk mai walda da ke da tukunyar oksijin a shago, da mai sayar da gas ɗin girki, da direban da ke tunanin mayar da motarsa ta CNG, wannan muhawara ta shafe shi kai tsaye.

Bayan da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙirƙiro na'urar Aqua-Lung a 1943, kowace ƙasa ta riƙa yin tiredin wuyan tukunya, wato haƙoran da ake murɗa bawul a ciki, yadda ta ga dama. Tsofaffin tukwanen ƙarfe na Amurka suna da tiredi na rabin inci mai tsukewa, wanda yake ƙara matsewa yayin da ake murɗa shi. Daga baya suka koma na inci 3/4 miƙaƙƙe, mai zoben roba da ke hana iska fita. Ingila ta yi amfani da nata inci 3/4 ɗin da ake kira BSP, Turai kuma ta tsaya a kan M25x2.

A nan matsalar take. Bawul mai M25x2 faɗinsa milimita 25 ne, tazarar haƙoransa milimita 2. Wuyan tukunya mai inci 3/4 ya ɗan haura milimita 26, tazarar haƙoransa kusan milimita 1.8. Bambancin bai kai abin da ido zai gani ba, don haka bawul ɗin zai shiga, zai murɗu, har zoben roba ya toshe iskar kamar komai lafiya. Alhali bakin haƙoran kaɗai ne suka kama. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iska wajen bar 2 da 'yan kai, tukunyar nutso kuwa bar 200 zuwa 232, wasu har 300. A kan bar 200, ƙarfin da ke tura bawul mai faɗin milimita 25 zuwa waje ya kai nauyin tan ɗaya. Ranar da haƙoran suka saki, bawul ɗin harsashi ne, kuma an sha samun munanan raunuka da asarar rai ta wannan hanya a wuraren cika tukwane.

Masu harkar waya sun san irin wannan yaudarar. Igiyar caji mai bakin USB-C za ta shiga kowace waya mai irin ramin, amma shigarta bai nuna za ta iya ɗaukar wutar da ake so ba. Bambancin kawai, a can waya ce za ta lalace, a nan kuwa kan mutum ne.

Saboda haka masu cewa a nemo wa tsohuwar tukunya bawul na zamaninta suna da gaskiya, sai dai gaskiyar tasu rabi ce. Abin da ya wajaba a ɗauko daga zamanin tukunya biyu ne: irin tiredinta da iyakar matsin da aka ƙera ta ta ɗauka. Shahararriyar tukunyar ƙarfe ta Amurka da ake kira 72 an yi ta ne don psi 2,250, wajen bar 155. A jikin bawul ɗinta akwai wani siririn faifan ƙarfe da aka yi don ya fashe ya saki iska idan matsi ya yi yawa, tamkar fis a wayarin ɗin gida. Idan aka ɗaura mata bawul na tukunya mai psi 3,000, faifan ba zai fashe a lokacin da ya kamata ba. An sa fis babba a siririyar waya ke nan.

Sauran kuwa ado ne, kuma ado bai kamata ya yi hukunci ba. Misali bawul ɗin da ake kira J, wanda masu tara kayan tarihi suke ji da shi. Yana da sifirin da ke riƙe ragowar iska kamar psi 300 zuwa 500. Idan numfashi ya fara wuya sai mai nutso ya ja wani sanda ya buɗe ragowar, ya taso sama. Dabara ce mai kyau a lokacin da babu agogon auna iska a ƙarƙashin ruwa. Illarta, idan sandan ya ja kansa tun farko ba a sani ba, mutum zai kai hannu neman ragowa ya tarar babu. Wanda zai rataye tukunyarsa a bango don kallo, ya sa mata J abinsa. Wanda zai cika ta ya shaƙa, ya nemi bawul mai tiredin da ya dace, da sabon zoben roba, da sabon faifai, da agogon auna iska, ko da kuwa ba su yi kama da na 1960 ba.

A gida Najeriya tukwanen gwanjo sun yi yawa, kuma da yawansu suna wucewa ta hannun 'yan gwangwan kafin su iso shago, fenti sabo, tarihi babu. Al'adar gareji ta cewa "ai ya shiga, ɗaure shi da kyau" tana aiki a kan noti da kusa, amma ba a kan abin da ke riƙe da bar 200 ba. CNG ɗin mota ma a kan wajen bar 200 ake cika shi. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan cika CNG a Benin, jihar Edo, mutane suka ji rauni, kuma bayanan da suka biyo baya sun nuna tukunyar haɗin walda ce, ba wadda aka ƙera don wannan aiki ba.

Masu ƙera kayan gas da gangan suka bambanta bakunan bawul. Na oksijin dama ake murɗa shi, na gas mai kama wuta irin asitilin hagu, don kada a haɗa wannan da wancan. Duk adaftar da makaniki ya ƙera don ya tsallake wannan bambanci, kariya ce ya cire. Haka shafa giris ko baƙin mai a tiredin tukunyar oksijin don ya yi laushi: oksijin mai matsi idan ya haɗu da maiƙo yana iya kama wuta nan take.

Kafin a sayi tsohuwar tukunya a kasuwar Darki ko ta Wudil, a goge kafaɗarta a karanta abin da aka buga a jikin ƙarfen: matsin aiki, shekarar ƙira, ranar gwaji na ƙarshe, a wasu har da lambar tiredi. A duba ko lambar jikin bawul ta zo ɗaya da ita. Hukumar SON ta ƙayyade wa tukunyar gas ɗin girki shekara 15, tare da sake gwaji duk bayan shekara 5. Tukunyar da aka kankare rubutunta ko aka cike shi da fenti, farashinta na ƙarfen kilo ne, kuma mai shagon cika gas yana da damar ya ƙi karɓarta ko da mai ita ya ji haushi.