Kaza ta gurgunce: wa ke biyan kuɗin canki-canka?

Idan kaza ta wayi gari ba ta iya miƙewa, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a kai ta wurin likitan dabbobi. Shawara ce mai kyau, amma mai ba da ita bai cika yin lissafi ba. Matar da ke da kaji goma sha biyu a bayan ɗakinta a ƙauye, in ta haɗa kuɗin babur zuwa bakin titi, da na mota zuwa gari da dawowa, da na maganin da za a rubuta, da yinin ɗan aike da ya tafi a banza, sai ta tarar kuɗin sun kamo na kazar, ko ma sun wuce. Shi ya sa ba ta kaiwa, kuma ni ban ga laifinta ba.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne abubuwan da ke kayar da kaza suna da yawa, kuma sun yi kama da juna. Ƙaya ko ƙusa kan soke ta a tafin ƙafa, wurin ya kumbura ya tara mugunya. Kaza mai ƙwai da ba ta samun komai sai dusa, jikinta kan riƙa zarar kalsiyam daga ƙashinta don yin ɓawon ƙwai har ƙafafun su gaza. 'Yan tsakin da suka rasa bitamin B2 yatsunsu kan nannaɗe. Burola kuwa nauyin jiki ne ke rinjayar ƙafarta. Wadda ta tsattsagi tsutsar mushe a juji kan kwashi gubar da ke shanye ƙafa, wuya ya langaɓe. Sannan ga manya uku. Akwai cutar Marek, wadda wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Hangari ya fara bayyanawa a 1907, mai sa kaza ta kwanta ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Akwai Niyukasil, annobar da ke share gidaje da hunturu, da koren zawo da murɗewar wuya. Akwai kuma murar tsuntsaye. Ko ƙwararren likita ba ya rantsuwa a kan bambancin biyun ƙarshen da ido kawai, sai an kai samfuri ɗakin gwaji irin na cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Ina Vom, ina akurkin wata tsohuwa a ƙauyen Gumel?

Saboda haka sai a koma ga abin da ke kusa, wato kemis. A sayo kafso ja da rawaya, a ɓare a zuba cikin ruwan sha. Wannan ita ce hanyar da ake gani mafi araha, kuma a ganina ita ce mafi tsada. Kafson nan tetarasaikilin ne, bakteriya yake kashewa. Marek da Niyukasil da murar tsuntsaye duk bairas ne ke kawo su, kafso ba ya taɓa su. Ba ya cire ƙaya, ba ya mayar wa ƙashi kalsiyam. Kuɗinsa ba su taka kara sun karya ba, gaskiya ne, amma kwanakin da ake ɓatawa ana jiran ya yi aiki su ne ainihin asarar, domin a cikinsu marar lafiyar tana shan ruwa a kasko ɗaya da masu lafiya. Ga ragowar magani da ke fita cikin ƙwai da nama yara su ci. Ga kuma ƙwayoyin cuta da ke sabawa da maganin saboda awon da aka yi da ka, har ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Abin da ke raya imani da kafso kuwa a fili yake: ko an ba da magani ko ba a ba da ba, wasu kajin kan tsira, su kuma ake nunawa a ce ai ya yi aiki. Masu jiƙa barkono ko sassaƙen maɗaci sun fi masu kafso da abu ɗaya, ba su kashe ko sisi ba. Jinkirin dai iri ɗaya ne.

Sai wuƙa. Sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma in ƙafa ce ta karye, a yanka kafin ta rame shi ne hankali. Amma saurin ɗauko wuƙa don kada kaza ta zama mushe yana da nasa farashin idan annoba ce. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kuma a farkon 2007 cutar ta kashe wata mata a Legas. Yanka da fiɗa da fige gashin tsuntsu marar lafiya na cikin manyan hanyoyin da cutar ke kama mutum. Ko ba ita ba ce, kayan ciki da gashin da aka watsar a juji, da ruwan wankin naman da aka sheƙa a tsakar gida, sun isa su kai cuta ga sauran kajin.

Wanda ya kwashi kajinsa zuwa kasuwa da ya ga sun fara faɗuwa bai rage asarar ba, ya dai miƙa ta ga wanda ya saya ya kai gidansa.

Ko rigakafin da ake yaba wa sai an yi masa lissafi. Na Marek a ranar ƙyanƙyasa ake yin sa a kamfani, ɗan tsakon da uwarsa ta ƙyanƙyashe a gida ba ya samu. Na Niyukasil sau da yawa kwalbarsa ta kaji ɗari ce ko fiye, tana son firiji, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa awoyi kaɗan take yi ta lalace. Mai kaji goma sha biyu zai biya kuɗin ɗari ya zubar da saura. Akwai samfurin I-2 mai jure zafi, wanda aka samar a Ostareliya domin kajin ƙauye, ana kuma yin sa a Vom. Ɗigo ɗaya ake sawa a ido, a maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu. Shi ma ba ya fitar da kuɗinsa sai gidajen unguwa sun haɗa kai sun sayi kwalba ɗaya, an yi wa kowa rana guda kafin hunturu ya shigo. Kazar da ta riga ta kwanta kuwa rigakafi ba ya tashe ta.

In aka tara duka, abin da ya fi biya shi ne wanda ba a saye da kuɗi. A ware kazar daga sauran tun ranar farko, a juya tafin ƙafarta a duba, a tuna abin da take ci da inda take kiwo, sannan a ƙirga. Kaza ɗaya mai ɗingishi da ke cin tsakinta ba ta kai a biya mata kuɗin mota ba. Amma in uku ko huɗu suka faɗi cikin kwana biyu, ko aka wayi gari da gawa ba tare da jinya ba, to a bar kemis, a hana yara taɓa su, a binne matattun da zurfi, a sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Kuɗin wannan tafiyar kuma bai kamata mai kajin ta biya ita kaɗai ba. Maƙwabta su yi mata karo-karo, domin kajinsu ne za su biyo baya.