Kalmar "Lemo" a Saƙon Kiwon Lafiya

Shawarar da ake bayarwa cewa a riƙa shan ruwa da lemo kullum tana buƙatar gyaran lafazi. A bakin Bahaushe, "lemo" ya haɗa lemon tsami, lemon zaƙi da lemon kwalba. Lemon tsami yana ɗauke da bitamin C da sinadarin sitiret mai rage haɗarin tsakuwar ƙoda. Kwalbar Coca-Cola mai santilita 35 kuwa tana ɗauke da sukari fiye da giram 30, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babba kada ya wuce kimanin giram 50 a rana. Mai ciwon sukari da ya fahimci shawarar a baibai zai cutu. Saboda haka, wajibi ne masu fassara su riƙa faɗin "lemon tsami" ƙarara.