Rigimar Cinikin Gona Ta Alƙali Ce, Me Ya Kai Ta Bayan Kanta?

Jama'a, tunda matsalar tsaro ta koro mutane daga ƙauyukan Faskari, Sabuwa, Dandume da Ƙanƙara, fili da gona suka yi daraja a Funtua da Malumfashi. Da kuɗin suka ƙaru, rigima ta biyo su. Mutum ya sayar da gona a gaban mai unguwa da shaidu, bayan damina wani magaji ya dawo ya ce ai da rabonsa a ciki. Mai saye, in mai hali ne, ba kotu zai nufa ba. Caji ofis zai wuce, ya ce an damfare shi. Sai a ɗauko mai gona ranar Juma'a da yamma, don a san sai Litinin zai ga alƙali. Kafin nan ya sa hannu a duk takardar da aka miƙo masa.

To wannan haramun ne a doka, ku ji da kyau. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu, a sashe na 32 ta hana kama mutum don kawai saɓanin ciniki ko karya yarjejeniya. Sashe na 36 ya hana kama ɗa ko mata a madadin wanda ake nema. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce in akwai kotu cikin kilomita 40, a kai mutum gabanta cikin kwana guda. Wane ofishi ne a cikin garin Funtua ya yi nisan kilomita 40 da kotu? Beli kuma an ce kyauta ne. Ku tambayi wanda ya taɓa karɓo ɗan uwansa.

E, akwai 'yan damfara na gaske. Wanda ya sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu laifi ya yi, a kama shi, ba ma kare shi. Amma gardamar iyaka, da gado, da cikon kuɗi, aikin alƙali ne.

Wasu na tambaya, in ka ji ana shirin kama ka, za ka iya neman beli tun kafin a zo? A Indiya akwai haka a rubuce tun dokarsu ta 1973. Mu a Najeriya ba mu da shi da wannan suna. Abin da muke da shi sashe na 46 na Tsarin Mulki, wanda ya ba ka damar zuwa Babbar Kotu in an tauye maka haƙƙi, ko ana cikin tauyewa, ko ma alama ta nuna za a tauye. Lauya zai shigar maka da ƙara a Babbar Kotun Jiha da ke Funtua, a nemi a hana tsare ka kan maganar ciniki. Kotu ba ta cika hana bincike ba, gaskiya, amma DPO da ya san alƙali na kallonsa ba ya yin yadda ya ga dama.

Sai dai fa wa ke cin moriyar wannan ƙofa? Manya. Su ne da ƙyas suke garzayawa kotu da lauyoyi. Manomin masara a Bakori ko Ƙafur bai ma san da ita ba, in ya sani kuɗin lauya ya fi ƙarfin buhunansa.

A nan nake ƙalubalantar namu. Wallahi abin kunya ne ɗan jam'iyya mai muƙami ya ɗaga waya a rufe talakan da ya zaɓe shi kan fili. 'Yan majalisarmu na Funtua, Malumfashi, Bakori, Danja da Ƙafur, kuna da ofisoshin mazaɓa. Ku ajiye lauya ko da rana ɗaya a mako don irin waɗannan ƙararraki. Ku kuma tambayi alƙalan majistare yaushe rabon da su leƙa ɗakunan tsare mutane, tunda sashe na 70 na wannan Dokar 'Yan Sanda ya ɗora musu yin haka duk wata.