Mai Fita Daji: Guzurin Kai Ya Fi Guzurin Jaka



'Yan'uwana matasa, na lura sha'awar hawan dutse da kwanan daji ta fara shiga zukatan samarinmu, kuma ina cikin masu murna da haka. Wanda bai taɓa kwana inda babu hasken lantarki ba, bai san yawan taurarin da Allah Ya ƙawata sama da su ba. Abin da ke damuna shi ne, da yawa sun ɗauka fita ba ta yiwuwa sai da tanti ɗan waje da jakar goyo mai tsada irin ta hotunan intanet. Sai shekara ta ƙare ana tara kuɗi, ba a hau ko Goron Dutse ba.

A ganina sanin tafiya yana gaba da kayan tafiya. Dubi makiyayi: sanda, gora, malafa da wuƙa, amma ya san inda ruwa yake, ya san hadarin da zai zuba da wanda zai wuce. Dubi kuma Hijira a shekarar 622 Miladiyya. Manzon Allah (SAW), shugaban masu tawakkali, ya tanadi abin hawa da guzuri, ya ɗauki ɗan jagora masanin hanya, ya ɓuya kwana uku a kogon Sauru. Ashe shiri ba ya warware dogaro ga Allah.

To me ya kamata ka sani kafin ka ɗaura takalmi? Na farko ruwa. Lita ɗaya nauyinta kilo ɗaya ne, don haka lissafin kayanka daga nan zai fara. Masana suna shawartar kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Ruwan rafi a tafasa shi, komai garai ɗinsa. Idan gudawa ta kama wani, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Na biyu masauki. Kada ka yada zango a busasshen rafi da damina, domin ruwan da aka yi a nesa yana iya iso maka cikin dare. Kakkaɓe takalminka da asuba saboda kunama. Idan maciji ya yi sara, ba a tsagawa, ba a tsotsewa, ba a ɗaure wurin tamau. A hana gaɓar motsi, a garzaya asibiti.

Na uku sallarka. Alƙiblarmu a Arewa gabas ce da ɗan karkata arewa, ka koyi gane ta da rana tun kafin cajin waya ya ƙare. Ka iya taimama a kan ƙasa ko dutse idan ruwa ya yanke. Ka kuma sani a mazhabar Malikiyya ba a kasaru sai tafiya ta kai kimanin kilomita 80, saboda haka mai hawan Dala ko Kufena daga cikin gari raka'a huɗu zai yi cif.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, tsaro. Dazuzzuka da dama sun zama maɓoyar 'yan bindiga, kuma da mugun rawa gara ƙin tashi. Ku nemi izinin iyaye, ku tambayi mai unguwa, ku tafi a ƙungiya da shugaba ɗaya kamar yadda sunna ta koyar, ku faɗi ranar dawowa.

Fara da dutsen da ke kusa da kai wannan Asabar ɗin, da jakar makarantarka da tabarma. Ku kashe wutar da kuka hura, ku kwashe ledojinku. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, amin.

Wassalam.