Sana'ar Kati a Yerwa: Wai Dole Ne Sai Ta Girma?

Kwana biyu kun ji ni shiru, lafiya lau nake, aikin biki ne ya sha mini kai. Yau dai na samu sarari, kuma akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda nake son in amayar da ita ko na samu sauƙi.

Makon jiya yayana ya zo daga Abuja. Bayan sallar isha'i ya same ni a ɗan ɗakin da ke kusa da madafa, hannuna duk tawada, ina buga katin ɗaurin aure. Ya daɗe a tsaye yana kallo, can sai ya ce, "Ke har yanzu kina nan da wannan wahalar? Sama da shekara goma, inji ɗaya, ɗaki ɗaya. Ko dai ki ci bashi ki sayi na zamani, ki kama shago ki ɗebi yara, ko kuwa ki haƙura ki riƙe koyarwarki. Taura biyu ba ta taunuwa." Na ce, "Yaya, zauna ka sha shayi tukuna." Ban ba shi amsa sosai a daren ba, don hankalina yana kan aiki. Ga amsar nan yanzu, kuma ba shi kaɗai nake ba wa ba, domin na sha jin irin wannan shawara daga masoya da yawa.

Ga wanda bai sani ba, injin nawa ba irin wanda ake haɗawa da kwamfuta ba ne. Sunansa Adana, ƙirar Ingila, samfurin da aka fara fitarwa a 1953. A kan tebur ake ɗora shi, kuma abin da yake bugawa bai wuce inci 8 da inci 5 ba. Haruffan na dalma ne, kowanne zaman kansa yake yi a cikin akwatin katako mai gida-gida. Ɗaya bayan ɗaya ake tsinto su a jera, a juye kamar yadda rubutu ke fitowa a madubi, sannan a ɗaure su tam a cikin firam na ƙarfe. A shafa tawada a faranti, rola ta ɗebo ta goga wa haruffan, a saka kati, a danna hannun injin. Kati ɗaya, dannawa ɗaya. In launi biyu ake so, kowane kati sai ya shiga sau biyu. Dabarar da Gutenberg ya fito da ita ce a birnin Mainz na Jamus wajen 1450, kuma da irin wannan ɗab'i na dalma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A yau in ka ga tsohon inji mai irin wannan aiki a maɗaba'a, galibi lambar rasit yake bugawa ko yankan kwali.

Na koyi abin ne a birnin Lesta, a wani ajin yamma, lokacin da nake zaune a Ingila, kuma a hannun wani tsoho na sayi injin da akwatunan haruffa huɗu. A 2012 na tattaro na dawo gida saboda rashin lafiyar mahaifiyata, a daidai lokacin da masu hali ke ficewa daga Maiduguri. Injin ya yi wata da watanni a kwali ban ko kalle shi ba. Sai a watan Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya, muka yi makonni babu kira babu saƙo. Wata maƙwabciyarmu dattijuwa ta shigo ta ce, "Malama, an ce kina da injin rubutu. Auren jikata ya matso, ga shi ba hanyar sanar da dangi." A daren na buɗe kwalin. Kati 80 na buga mata a hasken fitilar ƙwai, samarin gidansu suka rarraba a kan kekuna, tunda tun 2011 an hana hawa babur a garin. Daga nan sana'a ta soma, ba tare da na shirya mata ba.

To, ra'ayina shi ne: sana'ar da ta tsaya ƙarama da gangan ba ta gaza ba. Mun ɗauki wata aƙida, mu da muka zauna a waje ma mun fi kowa ɗaukarta, cewa duk abin da ka fara dole ne ya yi ta kumbura, in bai kumbura ba to wasa kake yi. Ni kuwa gani nake akwai sana'ar da ake yanka ta daidai jikin rayuwar mai ita, kamar yadda tela ke yanka riga. Kuma garin nan da kansa ne ya koya mini haka, har sau uku.

Na farko, wuta. A Janairun 2021 aka fasa turakun babban layin lantarki da ke kawo mana wuta ta hanyar Damaturu. Aka gyara, aka sake fasawa, garin ya yi watanni masu yawa cikin duhu. Sai a Maris 2023 aka ƙaddamar da tashar iskar gas mai megawat 50 a nan cikin gari. A tsakanin nan na ga masu manyan injuna suna zuba ribarsu a cikin janareta, wasu suka sallami yaransu. Injina kuwa bai san an ɗauke wuta ba, domin hannuna ne lantarkinsa.

Na biyu, gobara. Ranar 26 ga Fabrairun 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, Kasuwar Monday ta kama da wuta, dukiyar da ba ta ƙirguwa ta ƙone. Mutumin da nake sayen kwali a wajensa ya wayi gari ba shi da komai. Wata uku kafin nan saura ƙiris in kama shago a wannan yankin, mijina ne ya ce in dakata.

Na uku, ruwa. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange inda muke, ya kai har fadar Shehu da kasuwa da asibitin koyarwa, irin abin da ba a gani ba tun 1994. An rasa rayuka, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, don haka ina jin nauyin in ambaci asarata a kusa da ta wasu. Mun fita da kayan jikinmu kawai. Da muka dawo na tarar da takarduna duk sun zama kunu, akwatunan katako sun kumbura, injin yana kwance cikin laka. Amma dalma ba ta jin ruwa. Ni da yarana muka zauna a tsakar gida da rariya muna tace haruffa daga cikin taɓo kamar masu tsince shinkafa. Na kwance injin na wanke da kananzir, na kankare tsatsa, na sake rola. Kafin wata biyu na koma aiki, kuma babu bankin da ke bi na ko kwabo.

Nan ne gizo ke saƙar, Yaya. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100. Yawancin takardar da muke amfani da ita daga waje ake shigo da ita, kuma tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 farashinta ya tashi. Ko an ajiye maganar riba a gefe, wane ne zai biya mini bashin a shekarar da ruwa ya ci shagon?

Amma ba tsoron asara kaɗai ba ne hujjata. Babbar hujjar ita ce lokaci. Ni malamar makaranta ce, uwa ce, matar aure ce, kuma ina da dangi da maƙwabta masu haƙƙi a kaina. Daga asuba zuwa ƙarfe biyu na makaranta ne. Daga nan girki, Islamiyyar yara, dubiya, gaisuwar mutuwa, barkar haihuwa. Injin yana da dare uku a mako, awa biyu-biyu bayan isha'i, sai safiyar Asabar. Aiki biyu nake karɓa a mako, ba na ƙarawa. Katin Sallah a Sha'aban nake buga shi, don goman ƙarshe na azumi ba na taɓa tawada. Yanayi ma yana da nasa hukunci: a zafin Afrilu, in ma'auni ya haura 40, tawada tsinkewa take yi, sai dai a yi aikin da sanyin asuba, da hunturu kuwa in ban lulluɓe komai ba, ƙura ce za ta zauna a faranti ta ɓata bugu.

Wannan iyaka ba da hikima na kafa ta ba, wuya na sha. Wata Disamba, lokacin da bukukuwa ke yawa, kwaɗayi ya sa na karɓi aiki biyar a mako guda. Na kwana uku ban yi barcin kirki ba. Na buga kati 300 da kuskuren ranar ɗaurin aure, na sake su da kuɗina. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da har yau yake damuna shi ne autana ya yini da zazzaɓi ban lura ba, sai da yayarsa ta zo ta ce, "Umma, jikinsa fa da zafi tun safe." Daga ranar na san cewa in sana'ar ta girma, ba daga sama za ta samo wurin ba, daga cikin rabon yaran nan za ta ci.

In faɗi gaskiya kuma, akwai inda maganar Yaya take da ƙarfi. Ina da albashi, mijina ma yana da nasa. Wanda sana'arsa ce kaɗai abincinsa, kuma ga ƙanne goma a bayansa, ba zan tsaya in yi masa wa'azin ƙanƙanta ba, shi girma wajibi ne a kansa. Kuma garin da ke cike da matasa marasa aiki yana bukatar masu buɗe manyan wurare, Allah ya ƙara mana irinsu. Abin da na ƙi shi ne a mayar da ma'auninsu ya zama na kowa. Ɗan abin da nake samu yana biyan kuɗin makarantar yaro guda, yana shiga adashi, kuma 'yan mata biyu sun koyi aikin a hannuna, ɗaya daga cikinsu iyayenta sun taso daga Bama ne a 2014. Wannan ba wasa ba ne, ko da bai kai a sa masa allo a bakin titi ba.

Surukata kuma nata ƙorafin daban ne. Ta ce kati al'adar Turawa ce, mu zumunci a ƙafa yake. Na ce, "Hajiya, ai katin nawa ba shi da ƙafa, sai an ɗauke shi an kai." Wanda ya kawo maka kati ya yi sallama, ya zauna a tabarma, ya sha ruwa, ya tambayi jikin tsohuwa. Abin da ke kashe zumunci shi ne hoton barka da Sallah da ake turawa mutum 200 a WhatsApp da dannawa ɗaya, ba tare da an tuna fuskar ko ɗaya ba. Kuma girmama rubutu a takarda ba baƙon abu ba ne a Borno. Ƙasar da ta shahara da marubuta Alƙur'ani da hannu ce, waɗanda suka yi ta rubutu a kan takarda mai tambarin jinjirin wata uku da fatake ke kawowa daga Italiya ta Tarabulus. Har gobe in yaro ya sauke, allo mai zayyana ake riƙa masa.

Bari in ba ku misali ɗaya na abin da ƙanƙanta ke saya mini. Haruffan da na zo da su daga Ingila babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. In aikin Barbarci ne da sauƙi, harafin ǝ da suke amfani da shi sai in kifa e kawai ya fito. Amma masu lanƙwasa na Hausa sai da na aika Shomolu a Legas aka yi mini kalmomin da na fi bukata a kan faranti na musamman. Wani zai ce wahalar banza, tunda kwamfuta tana da su. Haka ne, tana da su, amma duba katunan da ke yawo a gari ka gani, nawa ne suka damu su sa? Sauri ba ya bari. Ni kuwa in zan sanar da haihuwa, ina so a karanta "an samu ɗa", ba "an samu da" ba. Mai aiki biyu a mako yana da lokacin da zai tsaya a kan harafi ɗaya.

Washegari da Yaya zai tafi na ɗan taɓa masa kaɗan daga cikin wannan bayani. Ya girgiza kai ya ce, "Ba ki gamsar da ni ba, amma dai auren 'yarki ya kusa, ina son kati 200, irin wanda in an shafa ake jin rubutun a yatsa." Na ɗauko littafina na duba, na ce, "Yaya, makonni uku masu zuwa duk a cike suke, sai dai ka bi layi." Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in rubuta sunansa.

Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka, manya da ƙanana, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya zaunar mana da Borno lafiya. Sai mun sake haɗuwa in Allah ya kai mu.