Wa Zai Riƙe Tsofaffin Jalingo?

Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2018, karo na farko a tarihi, waɗanda suka kai shekara 65 sun fi yara 'yan ƙasa da shekara biyar yawa a duniya. A ƙasar Jafan kusan mutum uku cikin kowane goma tsofaffi ne, watau haihuwa ta ragu, magani ya ƙaru, mutane suna daɗewa.

A Nijeriya kuwa tsofaffi irin waɗannan ba su wuce uku cikin ɗari ba, shi ya sa hukuma ta yi sake da zancen. Amma lissafin ƙasa dabam, na ƙauye dabam. Wanda ya zaga Kona ko Sunkani, kusa da Jalingo, bayan an gama girbi, zai tarar da gidaje da yawa dattawa ne da jikoki ke riƙe da su. Majiya ƙarfin suna Ikko da Badun da Anacha, wasu a kan babur, wasu gadi, wasu sun bi motar shanu daga kasuwar Iware ba su koma ba sai da Sallah.

Lalle ɗan ci-rani yana aika kuɗi, kuma ya kyauta. Sai dai kuɗi ba ya ɗebo ruwa, ba ya raka tsohuwa asibiti ran da hawan jini ya taso da tsakar dare.

Har ila yau akwai abin da ba a son faɗi a Agege da Sabo: shi ma mai aikawar tsufa yake yi. Dokar fansho ta 2004 masu albashi ta duba. Sai a 2019 aka buɗe ƙaramin fansho don masu sana'ar kansu, kuma kaɗan ne cikin 'yan kasuwar kara suka san da shi. Dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2018, ba a naɗa mata shugabanni ba sai 2021.

Ya kamata gwamnatin Jihar Taraba ta ƙidaya tsofaffinta gunduma-gunduma ta hannun masu unguwanni, ta san wanda ba shi da mai kula da shi. Sarakunan Hausawa na kudu kuma, da ƙungiyoyin 'yan gari da suka saba tara kuɗin kai gawa gida, su buɗe asusu na biyu domin maganin iyayen da ke raye.